Matar Gafaru a Takarda

Takalmin Abba ta fara gani a bakin ƙofa.

Ƙarfe uku da rabi na ranar Talata, me ya dawo da Alhaji Sahabi gida? Mutumin da ya shekara shida yana aiki a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Manhattan, bai taɓa hawo jirgin fito ya dawo unguwarsu ta St. George kafin ƙarfe shida ba, ko da zazzaɓi yake. Hanan ta tsaya da mukulli a hannu, jakar littattafai a kafaɗa, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Shigo mana, amarya."

Muryarsa ce daga falo, a hankali, ba tsawa. Duk wanda ya san Alhaji kuwa ya san gara ya yi tsawar.

Ta shiga da sallama. Yana zaune a kujerarsa, ko hular ofis bai cire ba. Umma, wato Hajiya Bintu, tana tsaye jikin ƙofar kicin, idonta jawur. A kan teburin tsakiya ga wata doguwar takardar faks da ta nannaɗe, an danne bakinta da tabarau.

Hanan ta durƙusa. "Abba, sannu da dawowa."

"Ɗauki takardar nan. Karanta min layi na goma sha ɗaya."

Tun kafin hannunta ya kai ta gane ta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gumi ya karyo mata duk da sanyin watan Oktoba da ta shigo da shi a jiki.

"Ina jin ki."

"Sunan... sunan mata. Hanan Sahabi."

"Na miji fa, can sama?"

"Abdul-Gafaru Ishawu."

"Madalla. Yaushe aka ɗaura? A wane masallaci? Ko can wajen Turawa kuka je, inda ake ɗaga hannu a fito mata da miji cikin minti biyar? Gaya min, don in san abin da zan ce wa mutanen ofis da suka riga ni karantawa."

"Wallahi Abba ba a ɗaura komai ba! Wallahi tallahi ban yi aure ba!"

To, ga yadda abin yake. Gafaru ɗan Zangon Kumasi ne, can ƙasar Gana, makanikin firji da na'urar sanyaya ɗaki. Yana aiki a wani gareji a unguwar Jamaica kusa da filin jirgi, yana zaune wurin gwaggonsa a Stapleton. Shekara biyu suna son juna da Hanan. Wata huɗu da suka wuce ya turo manya, Alhaji ya ba su shayi, ya raka su har bakin ƙofa, ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai san ƙofar gidansu ba, balle wanda takardar zamansa a ƙasar nan saura ƙiris ta mutu. Daga nan bai sake yarda an ɗaga maganar a gidansa ba.

Ana cikin haka Allah ya kawo wa Gafaru aiki a Jidda, a wani kamfani mai kula da na'urorin sanyi na manyan otal-otal. Ejan ɗin kamfanin, wani Basudane mai ofis a saman kantin kayan miya, ya zaunar da shi ya ce kwantiraginsu iri biyu ne. Akwai na gwauro: ɗaki ɗaya mutum huɗu a sansanin ma'aikata bayan gari, shekara uku cur, ba canji, ba kawo mata ko da ka yi aure a tsakani. Akwai na mai iyali: ɗan gida da bizar mata. Takardar aure kuwa sai an isa can ake nemanta. Abin da ka cike yau shi zai bi ka.

Ranar da ya nuna mata fom ɗin a saman jirgin fito, iska na neman fizge shi, ce mata ya yi shi kansa ya ƙulle. Hanan kuwa a Jidda aka haife ta, lokacin da Abba ke aiki a can, ta kai shekara bakwai kafin su baro. Ta san sansanin da ake faɗa. Ta sha ganin ma'aikata a bayan a-kori-kura da sassafe, an cusa su kamar buhuna, kowa ya naɗe fuska da tawul. Ita da bakinta ta ce, "Kawo biro." Ta ɗora takardar a kan littafinta ta rattaba hannu, tana cewa ai kafin ranar tafiya Abba zai sauko, kuma takarda ce kawai, wa zai gani?

Kai, soyayya ba ta yi ba! 'Yar mutumin da ba shi da aiki sai duba takardu, amma ba ta tsaya ta tambayi kanta ina takarda ke zuwa bayan an cike ta ba. Basudanen nan, wai don ya kyauta musu, da ya ga matar fasfon Nijeriya gare ta, sai ya tura fom ɗin ofishin jakadanci yana neman wasiƙar shaida. A duk ofishin nan kuwa tebur ɗaya ake kai irin wannan, teburin Abba.

"Ba a ɗaura ba," Alhaji ya maimaita, yana gyaɗa kai. "To alhamdulillahi. Ba aure kika yi a bayan idona ba, ƙarya kawai aka yi da sunana. Saura tambaya ɗaya. Sa hannun nan na ƙasa, na waye?"

Hanan ta buɗe baki, Umma ta riga ta.

"Haba Alhaji, wannan har tambaya ce? Yarinyar da ko kanti ba ta zuwa sai ta faɗa? Shi dai yaron ya samu wata takardarta ya kwaikwaya. Mai neman mafita ido rufe me ba zai yi ba? Hanan, ba haka aka yi ba?"

Hanan ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan takardar, tawadar faks ɗin na narkewa. Kalma biyu ce rak, ni ce, amma harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

"Na ji ta bakin uwarki," in ji Alhaji. "Naki ne ban ji ba."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

"A gaya masa ina son ganinsa ranar Asabar bayan azahar. Ya zo da babba."

* * *

Washegari ƙarfe bakwai saura ta tare shi a tashar jirgin fito. Jama'a sai tururuwa suke, kowa da kofin kofi da jarida, kowa na sauri kar a rufe ƙofa. Daga nesa ta hango shi da shuɗiyar jakit ɗinsa ta aiki, yana hango ta ya washe baki. Da ya matso ya ga idonta, dariyar ta ɗauke.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Ta ja shi gefe, bayan wata rumfar sayar da jarida, ta zayyana masa komai. Bai katse ta ba. Da ta gama sai ya nemi benci ya zauna, ya cire hular sanyi ya dafe kai da hannu biyu.

"Ya Salam. Ofishin Baaba? A hannunsa?"

"A hannunsa, Gafaru. Masinja ne ya kai masa, kuma sai da ya karanta kafin ya kai."

"Ka yi haƙuri, Hanan. Ka yi haƙuri." In ransa ya tashi Hausarsa ta Zango ke dawowa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Da wata rana ce da ta tsokane shi. "Ni na jawo. Tun farko bai kamata in nuna maka fom ɗin ba."

"Ni na ce ka kawo biro."

"Baaba ya san haka?"

Ta fashe da kuka. "Ban iya faɗa ba. Umma ta ce kai ka kwaikwayi hannuna, ya tambaye ni, na yi shiru. Na yi shiru, Gafaru! Ina ji ana kiran ka mai ƙaryar takarda, bakina ya ƙi buɗuwa. Wace irin mace ce ni?"

Ya ɗago ya dube ta. Abin mamaki, sai ta ga kamar ma hankalinsa ya ɗan kwanta.

"To a bar shi haka."

"A bar me haka?"

"Ni na sa hannun. Ranar Asabar haka zan ce."

"Ba ka da hankali ne? Ka san Abba kuwa? Zai rubuta wa ejan, zai rubuta wa ofishin biza. Duk wanda aka san shi da ƙaryar takarda, wane kamfani zai ƙara kallon sa? Saura kwana goma sha biyu ka tashi! Wata tara kana bin aikin nan, ka yi gwajin jini, ka yi hoto, ka sanar da garejinku har sun samo wanda zai gaje ka. Mma, mahaifiyarka, fa? Ba ka ce da albashin shekarar farko za ka kai ta ta ga Ka'aba ba?"

"Allah zai kai ta."

"Takardarka ta nan kuma ƙarshen Nuwamba za ta mutu. Ina za ka?"

"Kumasi. Can ma firji na lalacewa." Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai yi kyau ba. "Saurara, Hanan. In na ce ni ne, aiki na rasa. In kika ce ke ce, uba kika rasa. Ni ina da shekara tara Baabana ya rasu, na san abin da nake faɗa. Ba zan so miki ba, ko da rai ko ba rai."

"Ni fa? In ka koma Kumasi, ni fa?"

Aka busa ƙahon jirgi, ƙofofi suka buɗe, jama'a suka danna. Ya miƙe ya mayar da hularsa.

"Ki yi min alkawari za ki yi shiru."

"Ba zan yi ba."

"Don Allah."

"Na ce ba zan yi ba!"

Amma a ranta ta san ba alkawarin ne zai rufe mata baki ba. Tsoro ne, kuma ya riga ya rufe shi sau ɗaya.

* * *

Ranar Juma'a da yamma Umma ta kira ta kicin, wai ta zo ta taya ta gyaran kaza. Tana shiga Umma ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ke, kalle ni nan. Na san hannunki ne."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Hanan ta faɗa cikin roba.

"Ni na haife ki, wa za ki ɓoye wa? Tun da na ga yadda kika ɗauki takardar nan na sani. Na tare ki ne don kar ki kashe min miji. Kin san jininsa ya hau nawa shekaranjiya? Kin san yanzu ko masallacin ofis ba ya tsayawa gaisawa?"

"Umma, to ya zan yi? Za a hallaka bawan Allah a kan abin da ni na yi."

"Wa ya hallaka shi? Namiji ne, da sana'a a hannunsa, duk inda ya faɗa zai tashi. Ke fa? In aka ce an kwaikwayi hannun 'yar Alhaji Sahabi, mutane za su ce Allah sarki, an cuce su. In aka ce ita ta sa da kanta, ta kira kanta matar wani ba sadaki ba shaidu, me kike jin matan ofishin nan za su yi da labarin? Kafin sati ya kai Kano, wallahi har Fagge sai an ji."

"Umma, ina son sa."

"Rufe min baki! So! Jiddar ce ba ki sani ba, ko ni ce ban sani ba? Shekara bakwai na yi a can, ina matar ma'aikacin jakadanci ma, amma in ubanki bai dawo ba ko burodi ba na iya fita saye. Balle matar makaniki baƙo? Ya fita da asuba ya kulle ki a ɗaki biyu, ba uwa ba ƙawa, fasfonsa a hannun mai kamfani. Karatun naki na ɗakin gwaje-gwaje da saura wata bakwai ki gama, a bango za ki rataye shi?"

Hanan ta san a nan kam Umma ba ƙarya ta yi ba.

Umma ta sassauta murya, ta dafa kafaɗarta da bayan hannu don kar ta shafa mata jini.

"Fu'ad ya bugo ɗazu."

Fu'ad ɗan aminin Abba ne, lauya, mai mota da gida a Queens, wanda duk Lahadi yake zuwa da kwalin kek ya zauna ya yi ta yi wa Abba hirar siyasa, Hanan kuwa ta kawo shayi ta gudu.

"Ya ji labari a wajen babansa. Kin san me ya ce? Ya ce shi bai ga laifinki ba, an yaudare ki ne, kuma maganarsa tana nan, ko gobe a shirye yake. Irin wannan ake kira ɗan halak. Gobe abu ɗaya nake so ki yi min: ki zauna, ki sunkuyar da kai, ki yi shiru. Shiru kawai. In kika buɗe baki, Hanan, ban yafe miki nonona ba."

Ta juya ta ci gaba da yankan kaza.

* * *

Ƙarfe biyu daidai suka yi sallama. Gafaru ya sa farar riga da aka yi wa guga har tana ɗaukar ido. A bayansa gwaggonsa ce, Hajiya Abiba, mace mai jiki, mai shagon atamfa da garin kwaki a Stapleton, ta yafa babban mayafi tana haki saboda matakala.

Alhaji ya nuna mata kujera. Gafaru ya zauna a ƙasa kan kafet. Hanan na can kusurwa kusa da ƙafar Umma, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Hajiya Abiba ce ta fara. "Alhaji, mun zo da kunya paa, kunya mai yawa. Yaron nan a hannuna ya girma, ban taɓa kama shi da ko allura ba. Abin da ya faru..."

"Hajiya, ki gafarce ni. Bari in yi magana da shi."

Ya fito da takardar daga aljihu ya warware ta a kan tebur.

"Abdul-Gafaru, ka taɓa zuwa Jidda?"

"A'a, Baaba."

"Ni shekara bakwai na yi. Ka san aikina a can? Duk safiya in ɗauki jaka in bi wuraren da ake tsare mutane, ina neman 'yan ƙasarmu. Na ga dattawa masu gemu suna kuka. Na ga mata da miji na gaskiya, da 'ya'ya uku, sun yi kwana ashirin a tsare, ita daban shi daban, don kawai takardar aurensu ta saɓa da ta biza. Ƙasar nan ba a yi mata wasa da maganar aure. Kai kuma ka ɗauki sunan 'yata ka rubuta ta matarka, ka aika. Da takardar nan ta wuce ni, ranar da aka gano, wa zai ɗauki jaka ya je neman ta?"

"Na yi kuskure, Baaba."

"Kuskure shi ne ka rubuta bakwai maimakon takwas. Sa hannun nan, wa ya yi?"

Gafaru bai ko kalli inda Hanan take ba. "Ni ne."

"Ita ba ta sani ba?"

"Ba ta san komai ba. Katin sallah ta taɓa ba ni, a jiki na gani na kwaikwaya."

Hajiya Abiba ta dafe ƙirji. "Gafaru! Kai? La'ilaha illallahu!"

Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta danne kafaɗar Hanan da gwiwa.

"To," in ji Alhaji. Ya jawo farar takarda daga ƙarƙashin tebur, ya zare biro daga aljihu ya ajiye a kai. "Ni ba na yanke wa mutum hukunci da baki. Sake yi in gani. In ya fito daidai na yarda kai ne. Ranar Litinin in rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ga ejan ɗinka, ɗaya ga masu ba da biza. Ka san ma'anar wannan?"

"Na sani, Baaba."

"Ba Jidda. Ba bana ba, ba baɗi ba."

"Na sani."

Ya matso a kan gwiwa ya ɗauki biron. Hanan ta ɗan ɗaga gyale. A ranta ta ce yanzu asiri zai tonu ba sai ta yi magana ba, don sa hannunta mai wuya ne, da wata irin lauje a farko da doguwar jela a ƙarshe. Ina makanikin firji zai iya?

Sai ta ga hannunsa ya tafi. Laujen ta fito. Harufan tsakiya suka biyo baya a jere. Ya ja jelar ya lanƙwasa ta, har da ɗigon da take sawa a ƙasa. Sa hannunta ne sak, yana fitowa daga yatsun da suka yi kanta da sifana.

A lokacin ne ta lura da gefen yatsansa na tsakiya, ya yi shuɗi da tawada har ya sale. Wayyo Allah! Ashe kwana ukun nan abin da ya zauna yi kenan. Ya san Abba zai gwada shi, ya ɗauki katinta ya yi ta koyo, shafi bayan shafi, don dai ya iya rusa kansa da kyau yadda ba wanda zai yi shakka.

Alhaji ya sa tabarau. Ya ɗora takardun biyu gefe da gefe, ya daɗe yana dubawa.

"Ya yi kama," ya ce. "Shi kenan. Hajiya, kin gani da idonki. Ku tashi ku..."

"Ni ce!"

Ba ta san lokacin da ta ture gwiwar Umma ba. Ta rarrafo har gaban tebur, gyale ya zame, fuska duk hawaye da majina.

"Ni ce, Abba! Hannuna ne! Bai kwaikwaya ba, ƙarya yake yi don ya rufa min asiri. A cikin jirgi na sa, ni na ce ya kawo biro, shi ma bai so ba. Kar ka rubuta wasiƙar nan, don girman Allah kar ka rubuta. In duka ne ni za ka daka, in kora ce ni za ka kora!"

"Hanan!" Umma ta ɗora hannu biyu a ka. "Kin kashe ni!"

"Hanan, yi shiru," in ji Gafaru. "Baaba, kar ka saurare shi, tausayi ne..."

Alhaji ya ɗaga hannu ɗaya, falon ya yi tsit. Ya cire tabarau a hankali ya ninke.

"Na sani."

Hanan ta ɗago.

"Tun ranar Talata, tun a ofis, kallo ɗaya na yi masa na sani. Shekara ashirin da shida ina duba sa hannun mutane. Ni na zaunar da ke na koya miki sa hannun nan, ranar da za a yi miki fasfo naki na kanki. Shi zanawa ya yi, ke rubutawa kika yi. Kina tsammanin ba zan gane hannun 'yata ba?"

"Abba..."

"Kwana huɗu, Hanan. Kwana huɗu ina barin ƙofar ɗakina a buɗe. Duk motsin da na ji a waje sai in ce ga ta nan, ta zo ta faɗa min. Abin da kika yi da biro yarinta ce, da kin zo ranar Talata da na yi faɗa na huce. Amma kika zauna a teburina, kika ci abincina, kika gaishe ni safe da yamma, kina kallo zan sa hannu in kashe rayuwar ɗan mutane. Sai da ya zo ya durƙusa a gabanki ya gama yanka kansa sannan bakinki ya buɗe."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Hanan ba ta taɓa jin haka ba tun da take, kuma ta gwammace da marin ta ya yi.

Ya juya wajen Gafaru. "Kai kuma sau biyu ka yi min ƙarya. Ta farko don ka same ta, ta biyu don ka rasa ta. Na ce ban san ƙofar gidanku ba. Yau na ga irin tarbiyyar da ke cikinsa, duk da ƙaryar." Ya ɗauki takardar faks ɗin ya yaga ta biyu, ya sake yagawa. "Takarda ba ta fita daga hannuna da ƙarya a ciki. Hajiya Abiba, ki gaya wa mazanku su zo masallaci gobe bayan la'asar da sadakinsu. A ɗaura. Sannan ya koma wajen ejan ya cike sabon fom da kwanan wata na gaskiya."

Hajiya Abiba ta zame daga kujera ta durƙusa tana sa albarka, Hausa da yaren Twi na Gana duk sun cakuɗe mata. Gafaru ya kifa goshi a kafet, kafaɗunsa na girgiza. Umma ta miƙe ta shige ɗaki ta bugo ƙofa.

Hanan ta rasa abin da ke mata daɗi da abin da ke mata ciwo. Ta matsa ta kama ƙafar mahaifinta.

"Abba, na gode. Abba, ka yafe min. Zan buga wa Baffa waya a Kano yanzu, ya wakilta wanda zai..."

"Ba wanda zai buga wa yayana waya." Ya janye ƙafarsa a hankali. "Da wane baki zan ce masa ya ba da 'yar da ta riga ta ba da kanta a cikin jirgin ruwa? Liman zai yi miki walicci, kamar yadda yake yi wa duk wadda ba ta da kowa a garin nan."

"Kai fa, Abba? Za ka zo?"

Ya miƙe, ya tattara yagaggun takardun ya zuba a aljihu, ya mayar da bironsa. Har ya kai ƙofar ɗaki sannan ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Mijinki zai buƙaci wasiƙar shaida kafin a ba ki biza. Ranar Litinin ƙarfe tara ake buɗe ofis. Ki zo da fasfonki da takardar aure da hoto biyu. Ki bi layi."